Kafin Mu Farka Sun Fara Aiki: Yini Guda Da Ma'aikatan Da Ke Riƙe Da Dutse

Wata rana a aji, malaminmu ya ce kowa ya ciro takarda ya rubuta ma'aikatan gwamnati goma waɗanda aikinsu ya taɓa rayuwarsa a makon. Muka ɗauka abu ne mai sauƙi. Wannan ya rubuta gwamna, wancan ya rubuta sanata, wani ma har da shugaban ƙasa. Da malam ya karɓi takardun ya duba, sai ya yi murmushi ya jefo mana tambayoyi uku. Wa ya kwashe sharar da muka zubar jiya? Wa ya duba naman da aka yi mana tsire da shi? Wa ya sa hannu a takardar shaidar ƙaramar hukuma da kowannenmu ya kawo ranar rajista? Aji ya yi tsit. Mun san sunayen 'yan ƙwallon Ingila da na Sifen har da masu zaman benci, amma a cikinmu babu wanda ya iya kawo sunan mutum ɗaya daga cikin waɗannan ma'aikata.

Kunyar wannan rana ce ta sa mu huɗu, 'yan aji biyu a jami'a a nan Dutse, muka ware 'yan kwanaki a lokacin hutu muka bi sawunsu. Gani ya kori ji. Abin da muka gani shi muka jera muku a nan, ƙannenmu na sakandare, daga asuba zuwa la'asar, kamar dai a yini guda ya faru.

Asuba: tsintsiya da baro

Ana idar da sallar asuba, kafin masu shayi su gama hura wuta, za ka tarar da su a gefen manyan tituna irin su titin Sani Abacha da hanyar Kiyawa. Maza ne da mata, wasu sa'o'in iyayenmu, wasu ma sun yi jika da mu. Kayan aikinsu ba su da yawa: doguwar tsintsiya, shebur, manjagara da baro. Suna sammako ne don su gama kafin motoci da babura su cika hanya, domin mai sharar kwalta ƙasa yake kallo, in direba ya yi ganganci babu abin da zai kare shi.

Da farko mun zaci don kwalliya ake sharar titi. Wani dattijo da muka tsaya muka ce masa "Sannu da aiki, Baba," shi ya gyara mana tunani. Ya kai mu bakin magudana ya nuna mana rairayi da ledojin ruwa da suka cika ta. Ya ce duk ƙasar da iskar hunturu ta tara a gefen titi, in ba a kwashe ba, ruwan farko na damina zai tura ta cikin magudana, leda ta zo ta ɗaure ta, hanya ta toshe.

A garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba a banza ake kiransa Dutse ba. Duwatsu ne suka kewaye tsohon gari, wajen Garu inda fadar Sarki take, kuma dutse ba ya shan ruwa kamar ƙasar gona. In an yi ruwan sama, abin da ya sauka a kan duwatsun gangarowa yake yi da gudu. In ya sami magudana a buɗe ya wuce abinsa. In ya same ta a toshe, sai ya nemi hanya ta cikin gidajen mutane, ginin ƙasa kuwa ba ya jure ruwa ya kwana a gindinsa. Wanda ya kwanta a kwari kuma nan sauro ke zuba ƙwai, cikin kwana goma ko makamancin haka ya fito da fiffike ya shigo mana ɗaki.

Ambaliyar 2022 da ta ci gonaki da gidaje a yankunan Ringim da Hadeja da Kafin Hausa ta zo ne daga cikar koguna, wannan ta fi ƙarfin tsintsiya. Amma ruwan da ke shiga ɗakuna a cikin gari bayan ruwan awa biyu, sau da yawa ledar da muka sha ruwa muka yar ce ta jawo shi.

Masu wannan aiki ba ƙarƙashin ofishi ɗaya suke ba. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991 aka mai da Dutse babban birninta, hidimar garin ta rabu tsakanin hukumomi. Akwai ma'aikatan Hukumar Kare Muhalli ta Jiha, wato JISEPA, akwai na Hukumar Raya Babban Birnin Dutse, akwai kuma na ƙaramar hukuma. Mai gida da ruwa ya shigar masa ɗaki dai bai damu da sunan hukuma ba, magudanar yake so ya gani a yashe.

Ƙarfe bakwai: a mayanka

Daga titi muka zarce mayanka. Wurin ba na mai ƙyanƙyami ba ne. Ga jini, ga tumbi, ga ƙudaje, ga hayaniyar mahauta kowa na sauri ya kai nama kasuwa. A tsakiyar wannan hada-hada akwai mutum ɗaya da ba saye ya zo yi ba, ba kuma sayarwa ba, wato jami'in duba nama.

Aikinsa kashi biyu ne. Kafin yanka yana duba dabbar a tsaye: yadda take tafiya, yadda take numfashi, ko idonta da hancinta na zubar da wani abu. Bayan yanka da fiɗa sai ya duba kayan ciki, musamman huhu da hanta da kaluluwa. Akwai tarin fuka na shanu wanda yake iya kama mutum ta hanyar nama ko madarar da ba a tafasa ba, kuma alamarsa takan fito a huhu da kaluluwa. Akwai tsutsar hanta da ke lalata hantar dabba. In ya ga haka, sai ya yanke wurin da ya lalace a zubar. In cutar ta game jiki kuwa, dabbar gaba ɗaya ce ba za ta shiga kasuwa ba.

A nan wahalar aikin take. Saniya ɗaya kuɗinta dubban ɗaruruwan naira ne, kuma wataƙila bashi mahaucin ya ci ya saye ta. Ka ce da mutum jarinsa ya tafi rami, ka san ba za a rabu ana dariya ba. Za a roƙi jami'in, za a haɗa shi da Allah, wani ma ya yi ƙoƙarin cusa masa wani abu a aljihu. In ya kau da kai, babu wanda zai sani a ranar. Naman zai bi gari, ya shiga tukunyar wata uwa, ya hau tiren mai tsire a ƙofar makarantarku. Mun fito daga wurin muna tunanin dabbobin da ake yankawa a bayan gida a kawo kasuwa, waɗanda babu idon kowa da ya gan su.

Hantsi: layin rigakafi

Ƙarfe tara ta same mu a wani ƙaramin asibitin unguwa ranar rigakafi. Mata sun cika benci, kowace da goyo da kati a hannu. Ma'aikaciya ɗaya na awon nauyin jarirai, ɗaya na rubutu a babban littafi, ɗaya na yin allura. Da yawa daga cikin irin waɗannan ma'aikatan lafiya na matakin farko a jiharmu sun yi karatu ne a kwalejin kiwon lafiya da ke Jahun.

Ku je ku tambayi Umma ko Inna katinku na jarirai, in yana nan. Za ku ga jerin ranaku. Ranar haihuwa akwai allurar tarin fuka, wadda ta bar wa yawancinmu tabo a dantse, da ɗigon shan-inna da allurar ciwon hanta. Sai a dawo a mako na 6, da na 10, da na 14. A wata 9 a yi ta ƙyanda da ta shawara, a sake ta ƙyanda a wata 15. Kowane layi da ke katin nan wata mata ce ta cika shi da hannunta, kuma yawancinmu ba mu san ko fuskarta ba.

Wata ma'aikaciya, da muka gaishe ta da "Sannu da ƙoƙari, Anti," ta nuna mana firjin da ake ajiye magungunan. Yawancin alluran rigakafi sai an riƙe su tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin zafi. In suka yi zafi sun lalace, wasu kuma in suka daskare sun lalace, alhali a ido ba za ka gane ba. Shi ya sa safe da yamma sai an duba ma'aunin an rubuta, shi ya sa kuma ake amfani da firji mai aiki da hasken rana. Ranar fita ƙauye, sai a jera maganin a akwatin sanyi da ƙanƙara, a ɗaure a bayan babur, a nufi rugage da ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina.

Kun tuna matan da ke zuwa gida-gida suna ɗiga wa yara magani a baki, su shafa musu tawada a ƙaramin yatsa, su yi rubutu da alli a bangon ƙofa? An rufe musu ƙofa, an kore su, an yi musu baƙar magana. Amma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar shan-inna ta daji, bayan Nijeriya ta shekara huɗu ba a sami wanda ya kamu da ita ba. Manya ne suka karɓi takardar shaida a gaban kyamara, amma ƙafafun matan nan ne suka taka rana. Har yanzu ana zagayen, domin akwai wani nau'in ƙwayar da ke ɓulla a inda yara ba su sami rigakafi sosai ba.

Azahar: duba-gari

In kuna so ku ga kakarku ta gyara zama, ku ce ta ba ku labarin duba-gari na zamanin En'e. Za ta ce muku da an hango shi da kakinsa, unguwa take rikicewa. Mata su yi ta zubar da tsohon ruwan randa, a share tsakar gida, a rufe masai, domin in ya leƙa randa ya ga 'ya'yan sauro, mai gida sai ya biya tara. A yau sunansa na ofis jami'in lafiyar muhalli, amma a bakin mutane har gobe duba-gari ne.

Mun bi wani cikin unguwa. Ya duba gidan burodi, ya duba wurin mai abinci, ya tambayi inda take ɗebo ruwa da inda take wanke kwanuka. A wani gida ya auna tazarar da ke tsakanin rijiya da ramin masai da takunsa. Ƙa'idar da masana lafiya ke bayarwa ita ce kada ta gaza mita 30, domin ƙazanta na bin ƙarƙashin ƙasa ta shiga ruwan sha ba tare da ruwan ya canza launi ba.

Wannan ilimi yana da tarihi. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a birnin Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana lissafa waɗanda suka mutu, ya gano yawancinsu daga famfo ɗaya suke shan ruwa. Ya sa hukumar unguwar ta cire hannun famfon. Daga baya aka gano ramin ƙazanta ne a kusa yake tsiyaya cikin rijiyar. Abin da duba-garinmu ke yi da takunsa a yau, jikan wancan binciken ne.

Mu ma mun ɗanɗana. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa. A lokacin muna sakandare kamar ku. Mun ga ana zuba sinadarin kilorin a rijiyoyi, ana feshi a gidajen da aka sami mara lafiya, ana koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ku haddace wannan, yana riƙe ran mutum kafin a kai shi asibiti.

Shekara guda bayan haka, a watan Oktoban 2022, aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta daina bahaya a fili, duk ƙananan hukumominta 27. Abin alfahari ne, kuma ma'aikata ne suka bi ƙauye-ƙauye tare da masu unguwanni da dagatai suna lallashin mutane su haƙa masai. Sai dai irin wannan matsayi ba a rataye shi a bango a manta. Masai na rushewa da damina, wani na cika. Ku duba na makarantarku. In ya lalace har ɗalibai sun koma bayan katanga, to matsayin nan ya fara zubewa daga wurinku.

Bayan azahar: takardar da ke buɗe ƙofa

Wannan sashe ya fi kowanne shafar 'yan ajin ƙarshe. Duk wanda zai shiga jami'a ko kwaleji, ko ya nemi tallafin karatu, ko aikin soja ko na ɗan sanda, za a tambaye shi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Galibi ana farawa ne daga mai unguwa ko dagaci, wanda ya san gidanku, a wuce wurin hakimi, sannan a kai sakatariya. Takardar haihuwa kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa, ma'aikatanta na zama a ofisoshin ƙananan hukumomi da asibitoci. Ga kuma lambar NIN, wadda tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da ita.

Ɗaya daga cikinmu saura ƙiris ta rasa gurbin karatunta a kan harafi biyu. Sunan mahaifinta an rubuta shi iri ɗaya a sakamakon jarrabawa, an rubuta wani iri a takardar ƙaramar hukumarsu, ga wa'adin rajista saura mako guda. Ta je sakatariyar garinsu, ranar farko aka ce mai sa hannu bai zo ba. Rana ta biyu aka ce ya fita. Wani da ke zaune a gindin bishiya ya ce ta kawo kuɗi ya yi mata hanya. A rana ta uku, tana tsaye tana hawaye, wani tsohon akawu ya kira ta ya ce, "'Yata, me ya faru?" Ya buɗe kabad ya ciro tsohon littafin rajista, ya bi layi-layi har ya sami sunanta, ya gyara takardar, ya tsaya bayan an tashi aiki har aka sa hannu. Ko kuɗin mota bai karɓa ba.

A ofishi ɗaya ta gamu da wanda ya bar kujerarsa, da wanda ya so ya cuce ta, da wanda ya cece ta. Haka aikin gwamnati yake, akwai na kirki akwai na banza, ba a yi musu kuɗin goro.

Darasin da muka ɗauka shi ne kada ku jira sai sakamako ya fito. Tun kuna aji biyu na babbar sakandare ku tattara takardunku: ta haihuwa, ta firamare, ta ƙaramar hukuma da ta NIN. Ku shimfiɗa su a tabarma ku duba harafi-harafi. In nan an rubuta Muhammad can Mohammed, ko ranar haihuwa ta bambanta, ku gaya wa Baba ko Yaya a je a gyara tun babu gaggawa. In aka ce ku biya kuɗi, ku nemi rasit. Kada ku miƙa takardunku ga wanda ba shi da tebur a ofishin.

La'asar: mai rasit a kasuwa

Mun ƙare zagayen a kasuwar Shuwarin, wadda ke kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, inda ake hada-hadar dabino da hatsi da dabbobi. A nan muka ga ma'aikacin da babu mai murnar ganinsa, wato mai karɓar kuɗin shiga. Yana yawo da ɗan littafin rasit, wannan ya harare shi, wancan ya ce bai yi ciniki ba tukuna.

Ba shi ya ƙirƙiro wa kansa aikin ba. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙananan hukumomi, kuma in kuka karanta za ku ga rayuwarku ta kullum a ciki: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, banɗakunan jama'a, kwashe shara, magudanan ruwa, fitilun titi, sanya wa tituna suna da gidaje lamba, kula da gidajen abinci da na burodi, har da lasisin keke da amalanke da baro. Ya kuma ba su hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da noma. Duk waɗannan kuɗi suke ci, kuma wani ɓangare na kuɗin daga ɗan littafin nan yake fitowa.

Saboda haka rasit ba takardar banza ba ce. Kuɗin da aka karɓa aka yanka rasit, akwai kwafinsa a littafi, ana iya bin sawunsa. Wanda aka karɓa hannu da hannu, a ce a rage maka ka tafi, babu wanda ya san inda zai kwana. Da yawanku kuna taya iyayenku zama a rumfa ranar kasuwa. Ku karɓi rasit ku adana. Wanda ya biya da shaida shi ke da bakin tambaya in rumfa na yoyo ko banɗakin kasuwa ya lalace.

Su ma suna da nasu kukan

Nijeriya na da ƙananan hukumomi 774, kuma tsarin da muke gani a yau ya samo asali ne daga garambawul ɗin 1976, wanda ya maye gurbin En'e. Tun daga lokacin ake jayayya a kan kuɗinsu. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe su, ba kantomomi ba. A watan nan ne kuma aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ku tambayi kuɗin buhun shinkafa ko na gero a kasuwarku, ku raba da kanku ku ga inda albashin zai kai mai iyali.

A faɗin ƙasar nan, da yawa daga cikin masu shara da masu yashe magudana ma'aikatan wucin gadi ne, alawus ake ba su. Ba abin mamaki ba ne ka ga mutum cikin magudana babu safar hannu, babu takalmin roba, ga fasassun kwalabe ga allurai. Amma abin da ya fi yi wa waɗanda muka zanta da su ciwo shi ne raini. Mutum ya gama share wuri, wani ya leƙo ta tagar mota ya watso ɓawon rake a gabansa. Yara su bi shi suna kiransa da sunan bola.

Wannan raini ba a nan kaɗai yake ba. A 1968, a birnin Memphis na Amurka, motar kwasar shara ta matse ma'aikata biyu baƙar fata suka mutu. Abokan aikinsu kusan 1,300 suka shiga yajin aiki suna neman albashi mai kyau da a ɗauke su a matsayin mutane. Martin Luther King ya je garin ne don ya mara musu baya, kuma a can aka harbe shi ranar 4 ga Afrilun shekarar. Mutumin da duniya ta san sunansa ya yi tafiyarsa ta ƙarshe ne saboda masu kwasar shara.

Girmama ma'aikaci ba ya hana a nemi haƙƙi a wurinsa. In bola ta yi wata guda ba a kwashe ba, ko asibitin unguwa a rufe yake ranar aiki, akwai hanyar kai kuka. Kowace mazaɓa tana da kansila, daga Limawa da Kachi zuwa Sakwaya da Kudai da Chamo. Akwai mai unguwa, akwai kwamitin mazaɓa da ke sa ido a kan asibiti. Wasiƙar da ƙungiyar ɗalibai ta rubuta, shugaban makaranta ya sa mata hannu, da kwanan wata da sunan wurin, ta fi zagi ɗari a Facebook.

Namu kason

Abin da muka lura da shi a ƙarshe shi ne, aikin mutanen nan in ya yi kyau ba a ganinsa. Babu mai yin shela don ruwa bai shiga ɗaki ba, ko don yaro bai yi ƙyanda ba, ko don an ci tsire an kwana lafiya. Sai ranar da abu ya ɓaci ake tunawa da su, a kuma tuna da su da zagi.

Ba sai kun girma za ku sa hannu ba. Ledar ruwan da kuka sha, ku riƙe ta har ku sami kwandon shara. Kafin ruwan farko ya sauka, ku haɗa abokanku ku yashe magudanar ƙofar gidanku, ku kuma kwashe abin da kuka fitar, domin in aka bar shi a baki komawa ciki yake yi. Ku duba katin rigakafin ƙaninku ku tuna wa Umma ranar komawa. In masu ɗigo suka yi sallama, ku ba su wurin zama da ruwan sha.

Masu tunanin abin da za su karanta kuma, ba likita da lauya da injiniya ne kaɗai aiki ba. Lafiyar muhalli fanni ne da ake karantawa har a sami lasisi. Haka kiwon lafiyar al'umma, da aikin ungozoma, da kiwon lafiyar dabbobi, da tsara birane. Jahun da Birnin Kudu da Dutse duk suna da makarantun da ke koyar da wasu daga cikin waɗannan, ba sai an yi nisa ba.

Da aka koma makaranta, mu huɗun nan muka sake ciro takarda muka rubuta sunaye goma muka kai wa malam. A wannan karon mun san fuskar kowane ɗaya, mun san inda yake tsayawa da ƙarfe nawa yake fitowa. Ku ma ku gwada a ajinku. In kun kasa cika goma, gobe ku yi sammako, za ku tarar da na farko a bakin titi da tsintsiya a hannu. Ku yi masa sallama, ku ce "Sannu da aiki, Baba," sannan ku tambayi sunansa.